Irin Albasa a Cikin Kitson Jummala

Ranar wata Alhamis ce, a makon da aka fara cire albasa a Aliero, shekarar da na shiga aji biyu na ƙaramar sakandare. An fita tara, mu shida muna zaune a gindin darbejiyar da ke bayan ajinmu, kowa da ƙullin gyaɗarta ko rogo da garin ƙuli, ni kuwa ina tsakiya da littafi a hannu. Ni ce mai karantawa, ba don na fi kowa iya karatu ba, sai don na fi kowa baki, kuma littafin nawa ne. Na kai wurin da mai gadin ƙofa ta cusa yatsunta cikin kitson Jummala, na juya takarda da sauri, sai na ci karo da bango. Babu ko layi ɗaya, in ban da ɗan rubutu a ƙasa cewa a nemi littafi na biyu. Rabi, aminiyata, ta fizge shi daga hannuna, ta kama shi ta baya tana karkaɗawa ko sauran labarin zai zubo. Da ta ga babu abin da ya faɗo sai ta harare ni ta ce, "Luba, halan ke kinka cinye sauran?" Muka yi dariya, amma ta yaƙe ce, don kowa ranta ya ɓaci. Ranar ko bugun ƙararrawa ba mu ji ba, sai da aka zo aka kora mu aji.

Kawu Sani, ƙanin Innata, shi ya kawo mini littafin. Direban babbar mota ne, yana kai albasa garuruwa masu nisa, kuma duk tafiya sai ya zo mana da tsaraba, wani lokaci mai amfani, wani lokaci abin da shi kansa bai san amfaninsa ba. Sunan littafin Masu Ɓoyon Iri. Labarin wani zamani ne da bai zo ba tukuna, bayan an yi fari mai tsawo, wasu mutane da ake kira Masu Rumbu suka tattara duk wani iri na ƙasar suka kulle a hannunsu. Babu mai shuka ko da ƙwayar gero sai da izninsu, kuma duk wanda ya cika shekara goma sha biyar sai a karɓe sunansa a ba shi lamba. Jummala yarinya ce da ta ƙi lambar. Kakarta ta bar mata ɗan irin albasa kafin ta rasu, ita kuma ta ɓoye shi a cikin kitsonta, ta nufi ƙofar birni da niyyar gudu. A nan aka tare ta, a nan kuma marubucin ya ajiye alƙalaminsa ya bar mu da baki buɗe.

Wanda bai tashi a garinmu ba ba zai gane abin da ya sa labarin ya kama mu haka ba. Mu 'ya'yan albasa ne. Warinta muke tashi da shi, yana cikin tufafinmu da littattafanmu, har malaman da aka turo daga nesa sukan yi mako biyu suna hawaye kafin su saba. A gidanmu irin albasa yana cikin wata tsohuwar gora da aka rataye a ɗakin Kaka, mahaifiyar Babana, baƙi ne ƙanana, kuma ko Baba ba ya taɓa gorar sai ya yi mata sallama. To ka ga a ce wasu sun zo sun sauke gorar Kaka sun tafi da ita. Da na ba ta labarin tana tsinkar zogale, sai ta ajiye tsinken ta ce, "Su zo su gwada." Har cikin ranta take nufi.

Makonni muka yi ba mu da wasa sai na Jummala. Mun bar 'yar gala-gala, mun bar carafke. Da mun dawo daga makaranta, mun yi shara, mun ɗebo ruwa, sai mu taru a tsakar gidanmu, wasu su zama Masu Rumbu su tsare ƙofar zaure da muciya, wasu su cusa gero a kitso su zo wucewa. Wadda aka kama ta shiga kurkuku, wato bayan turmi. Ni kullum Jummala nake zama, kuma ba a taɓa kama ni ba, don duk wadda ta taɓa kaina sai mun yi kokawa. Inna ce ta sha wahalar wasan. Ranar da ta zo tsefe mini kai, gero ya dinga zuba a tabarma, kaji suka kewaye mu, ta riƙe tsinken tsifa tana salati tana tambayar ko kaina ya zama rumbu ne.

Bakina ne ya ja mini. Na tsaya gaban 'yan ajinmu na ce Kawu zai kawo na biyu a tafiyarsa ta gaba, na ce ya riga ya gan shi, har na faɗi launin bangon. Ban tambaye shi ba ma sai daga baya. Ya tafi, ya yi kwanakinsa, ya dawo da alewa da sabulu mai ƙamshi. Na ce ina littafin, ya dube ni ya ce, "Littahin mi?" Da na fara kuka ya tuna, ya ce ya duba, mai littattafan ya ce bai fito ba. Na san gobe da safe Rabi za ta tsaya a ƙofar makaranta tana jirana, kamar yadda ta yi kwana tara tana yi.

Rabi 'yar Gumbin Kure ce, an kawo ta wurin gwaggonta a Aliero saboda makaranta. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma ita kaɗai ce take iya cewa in yi shiru in yi. Komai tana yafewa, ka ci mata gyaɗa, ka ɓatar mata da biro, ka taka mata takalmi, duk za ta yi murmushi. Ƙarya ce kawai ba ta ɗauka. Na ga yadda ta yi zango guda ba ta yi wa wata yarinya magana ba, don ta ce mata an hana ta fita alhali ta tafi biki da wasu. Ni kuwa ba ni da wata ƙawa da nake so kamar ta, kuma ba ni da abin da na tsana kamar a ce na faɗi magana ba ta tabbata ba. Tsakanin waɗannan biyun na zaɓi hanya mafi wauta. Na ce mata littafin ya fito, amma kwafi ɗaya ne a duk ƙasar nan, yana hannun wata maƙwabciyar gwaggona a Jega, kuma ba ta ba da aro, sai dai in na je ranar Juma'a ta bar ni in kwafa a gabanta.

Zuwa Jega gaskiya ne, muna zuwa da Inna kusan kowace Juma'a. Sauran duk ni na ƙera shi. Na cire tsakiyar littafin lissafina, daga baya na samo sabon littafin rubutu na mayar da komai ciki, na koma bayan rudu, rumfar nan ta kara da ciyawa da muke adana albasa a ciki. Aikina ne da la'asar in shiga in tsince wadda ta fara ruɓewa don kada ta lalata sauran. Sai in tsinci rabi, in zauna a inuwa in ɗora littafi a gwiwa. Wahalar farko ita ce Hausar. Marubucin da Hausar Kano ya yi rubutunsa, mu kuwa ba haka muke magana ba. Dole in riƙa kama harshena, in na ji "tahi" ta taso in danne ta in rubuta "tafi", in "munka" ta zo in mayar da ita "muka". Har magana na dinga yi ni kaɗai da muryar masu karanta labarai a rediyo, awakin gidanmu suna kallona.

Wahala ta biyu ita ce abin da Jummala za ta yi. Tawa Jummalar ba ta tsaya wata-wata ba, da mai gadi ta taɓa kanta sai ta kai mata karo a ciki, ta haye ganuwa ta faɗa daji. Da na zo maganar irin sai na tsaya, na je na tambayi Kaka, kamar da wasa, shekara nawa mutum zai iya ɓoye shi. Ta ce, "Irin albasa ba shi shekara biyu, ɗiyag ga. In kin aje shi ya wuce lokaci nai, sai ki zuba ma kaji, su ma sai sun yi shawara." Wannan magana ita ta zama ƙashin bayan labarina. Jummala ba ta da lokacin zama, dole ta sami ruwa da ƙasa kafin irin ya mutu a kanta. Na sa ta yi tafiyar kwanaki, ta sami tsohuwar rijiya a wani kufai, ta ja fangali, wato ɗan filin rainon iri, da hannunta, ta yafa iri, ta rufe da ciyawa, tana ban ruwa safe da yamma da fasasshen tulu, Masu Rumbu kuwa suna bin sawunta.

Ban taɓa jin daɗi a rayuwata irin na waɗannan watanni biyu ba. Kowace Litinin gindin darbejiya ya cika, daga mu shida muka koma har da 'yan aji uku, wasu a tsaye, wasu a kan reshe. In na kai wuri mai tsanani sai in rufe littafin in ce nan matar ta karɓe abinta, su yi ta tsine mata, baiwar Allah da ko wanzuwa ba ta yi ba. Ranar da irin Jummala ya tsiro, wata yarinya ta yi guɗa har malamin da ke kula da tara ya leƙo. Rabi kullum tana gefena na dama, ta tallabe haɓa, ba ta cewa komai sai na gama, sannan ta karɓi littafin ta tafi da shi gida ta sake karantawa. Sau biyu ta ce za ta bi mu Jega ta gaida matar. Na farko na ce matar ta yi tafiya, na biyu na ce tana da mugun kare. Duk daɗin nan, in Rabi ta yi mini murmushi sai in kawar da kai.

Asirina ya tonu ranar wata Asabar da hantsi. Muna tsakar gida ni da Rabi muna taya Kaka yanke ganyen albasar da aka shanya, sai muka ji ƙugin mota a waje, Kawu ya shigo da sallamarsa mai ƙarfi, hannu a aljihun riga. Ya zaro littafi sabo fil, ya ɗaga shi sama don kowa ya gani, ya ce, "Ga littahinki da kinka ishe ni da shi! Sati guda ke nan da hitowa tai, ina tsaye anka kwance ɗaurin." Ya jefo mini shi a cinya yana jiran godiya. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Wata biyu ina kwafar littafin da bai fi kwana bakwai a duniya ba. Bangon ma kore ne, ni kuma ja na ce. Ban iya ɗaga kai ba, sai kallon wuƙar hannuna nake. Rabi ta goge hannunta a zani, ta ɗauki littafin ta juya shi gaba da baya, ta miƙo mini ta ce, "To, karanta muna."

Haka na karanta, daga hantsi har bayan azahar, Kaka tana aikinta tana saurare. Kuma tun da an zo nan, bari in faɗi ra'ayina a kan wannan littafi na biyu, don har yau bai sauya ba. Marubucin ya ci amanarmu. Mun bar Jummala da iri a kai da nauyin ƙasa guda a wuyanta, shi kuma ya ɗauko samari biyu ya ajiye mata, ɗaya ɗan Masu Rumbu mai hankali, ɗaya ɗan tawaye mai zafin kai, ya cinye fiye da rabin littafin tana tunanin wanda za ta zaɓa. Yarinyar da ta ƙi lamba ta koma mai zama bakin taga tana ajiyar zuciya. Masu Rumbu da suka hana mu barci a littafin farko suka zama sakarkaru, kowa ya yi musu ƙarya sai su yarda. Sannan ya kai ta kurkuku shekara uku, irin yana cikin kitso, ana shafa mai, ana zufa. Da ta fito ta watsa shi a bayan ganuwa, babu fangali, babu dashe, bayan wata ɗaya wai ga albasa manya-manya. A nan Kaka ta ajiye wuƙa. Ta yi dariya har ta kwanta a tabarma, ta tashi tana share hawaye ta ce, "Wanga malami miya kaɗai yas san albasa." Ta sa na maimaita wurin don Baba ya ji da ya dawo daga gona.

Amma akwai wuri ɗaya da ya kayar da ni, kuma ba zan ɓoye ba. Shafin farko ne, a ƙofar birni. Mai gadin ta cusa yatsunta cikin kitson, ta ji irin, ta san ko mene ne, don uwarta manomiya ce kafin zamanin lamba. Ta daɗe tana kallon Jummala. Sai ta gyara mata ɗankwali, ta juya wurin sauran masu gadi ta ce babu komai, ta wuce. Ni da na sa a kai mata karo a ciki, kunya ta kama ni. Ban taɓa tunanin cewa mai kama ka zai iya kama ka ya kuma rufa maka asiri ba. Saboda wannan shafi kaɗai na yafe wa marubucin samarinsa biyu, ban dai yafe masa albasar wata ɗaya ba.

Da na rufe littafin Kaka ta shiga yin salla, muka rage mu biyu. Na ce, "Rabi, babu wata mata Jega." Hawaye suka zo. Ta tashi ta fita. Na zauna na tabbata shi ke nan, zan yi zangon nan da na gaba ni kaɗai. Ba a jima ba sai ga ta ta dawo da littafin rubutuna, ta buɗe shafi na biyu na babin farko, ta ɗora yatsa a kan wani layi. Na karanta abin da na rubuta da hannuna: "Masu gadi sunka bi ta da gudu." Duk danne harshen da na yi, wannan ɗaya ta sulale ta shige. Rabi ta ce, "Tun yaushe Kanawa sunka hwara cewa sunka? Tun ranan nan nis sani." Na ce to me ya sa ba ta tona ni ba, ita da ba ta son ƙarya. Ta ce ta yi fushi, har ta kwana biyu tana shirya abin da za ta faɗa mini, sai kuma ta ga in ta yi magana labarin zai tsaya. "Jummala ba ta kai ga ruwa ba tukun," in ji ta. "Ina jiran ki hwaɗi da bakinki. Maganar kare ɗai ta yi min zahi." Muka fashe da dariya, ni ina yi ina jan majina, har Kaka ta leƙo ta ce ko mun sha wani abu ne.

Ranar Litinin Rabi ta sa na tsaya gindin darbejiya na faɗi gaskiya da bakina. An yi mini ihu, an yi mini waƙa, aka laƙaba mini suna Sunka, wanda har yau wasu ba su san sunana na yanka ba. Littafin gaske ya zaga aji ya dawo da bango a yage, kowa ta karanta ta zo tana tambayar yaushe zan ci gaba da nawa. Ban ci gaba ba. Da ana cewa na wani ne hannuna ba ya tsayawa, da aka san nawa ne sai kunya ta riƙe shi. Jarrabawa ta zo, hutu ya zo, shekaru suka bi. Na bar Jummala a bakin rijiya, shukarta ta kai kwana talatin da tara, washegari za ta tuge ta dasa.

Yanzu ina koyar da Hausa a Jega. Ɗalibaina ma suna karanta irin waɗannan labarai, na birane masu ganuwar ƙarfe da yaran da suka ƙi bin doka, amma a waya, shafi yana shigowa kowace safiya, in ya makara da awa ɗaya sun fara ƙorafi. Ba na ganin laifinsu, sai dai nakan tausaya musu, don ba su san jiran da yake sa yarinya ta zauna bayan rudu tana koyon Hausar wasu ba. Kaka ta rasu, gorar tana ɗakin Baba. Rabi tana aure a Maiyama, da 'ya'ya huɗu da keken ɗinki. Da ƙaramar sallar da ta wuce na je gaishe ta, muna cikin hira ta buɗe akwati ta ciro littafin rubutuna, ya yi ja, har yanzu in ka kai hanci akwai warin albasa. Babbar 'yarta ta karanta shi sau uku, kuma ta tsaya inda muka tsaya. Rabi ta ɗora mini shi a cinya, ta ɗora sabon biro a kai, ta ce, "Sunka, kin san dai dashe ba shi jira."

A mota na buɗe shafin ƙarshe, na tarar rabinsa fari ne, yadda na bar shi. Kafin mu iso Jega na rubuta layin farko, kuma wannan karon ban danne harshena ba.